Manton, Garin Lemun Tsami

'Yar'uwa, in Allah ya kai ki Faransa, ki nemi Manton, wani gari a bakin Bahar Rum, dab da iyakar Italiya. Duwatsu sun tare masa iskar sanyi, shi ya sa lemun tsami ke yin 'ya'ya can sai ka ce ba Turai ba. Nasu manya ne, rawaya. Tun 1934 suke yi masa biki a watan Fabrairu.

Ga abin da uwargidan Faransa ke yi da shi don lasawa bayan cin abinci. Ki kaɗa ƙwai 3 da sukari babban cokali 7, ki matse lemo 2 a ciki. In namu ƙanana ne, 4. Ki ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi, kina juyawa, har ya yi kauri kamar koko. Kul ki bari ya tafasa! Wuta in ta yi yawa, ƙwan zai yi gudaji, an yi asara ke nan. Ki sauke, ki sa man shanu cokali 2, ki zuba a kofuna ya yi sanyi.

Sai mako mai zuwa, in muna da rai.