Kowace Kasuwa da Mudunta

Kwanakin baya na karanta wani bincike daga Iran da ya hana ni sakat. Masana a can sun mayar da wani ma'aunin sassaucin zuciyar 'yan wasa zuwa Farisanci. Abin da ake aunawa shi ne yadda ɗan wasa ke karɓar fargabarsa ya ci gaba da wasa, maimakon ya tsaya yaƙi da ita, ra'ayin da Steven Hayes ya yi fice a kansa.

A irin wannan aiki fassara kaɗai ba ta wadatarwa. Wani zai fassara, wani dabam ya mayar da ita harshen asali, hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Sannan 'yan wasa su amsa, a duba ko tambayoyin abu guda suke aunawa.

Dalilin a fili yake. A Farisanci "paziresh" karɓa ce, "taslim" kuwa miƙa wuya. Mai fassara na zamewa, ɗan kokawar Tehran zai ji ana tambayarsa ko yakan ba da kai. Zai ce a'a, a lissafa shi cikin marasa sassauci.

Nan kunya ta kama ni. Na taɓa sa hannu a kundin ɗalibin da ya fassara wa 'yan dambe tambayoyin Turanci da baki, "haƙuri" ta zauna a gurbin "karɓa". Jadawalinsa ya yi kyau, amma me muka auna? Daga wannan zangon, ɗalibina ba zai fita da ma'auni ba sai mun gwada shi da Hausa.