Ciwo a Ƙafa, Magani a Hannu

Shekara uku ya yi yana acaba da Bajaj Boxer kafin ciwon baya ya fara hana shi barci. Abokan sana'a suka ba shi shawara ya sauya kan babur ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa, ya sa wanda ya fi tsayi domin ya daina sunkuyo. Ya saya, wani yaron bakanike ya ɗaura masa, bayansa kuwa ya sami sauƙi. Kwana biyu bayan haka giya ta fara gardama. Idan ya taka ta ɗaya sai ta shiga da ƙara, babur ya riƙa jan jiki gaba alhali yana riƙe da kuloci. Neman firi a bakin danja ya zama aiki, har wata fasinja ta sauka ta hau na wani.

Babur ɗin ba nasa ba ne. Kullum da yamma akwai balas da zai kai wa mai shi. Bakaniken da ya fara dubawa ya ce sai an buɗe inji, ya faɗi kuɗin da ya kai cinikin mako biyu, ban da kwanakin da za a yi ba aiki. Ya kwana yana lissafi, domin kuɗin makarantar 'yarsa ne kaɗai ke ajiye.

Da safe ya tura babur wurin wani dattijon bakanike. Dattijon bai ɗauki sifana ba, tambaya ya fara yi.

"Ɗana, me ka sauya a jikinsa kwanan nan?"

"Babu komai, Baba, sai kai. Kuma ai matsalar a ƙafa take."

Dattijon ya kashe injin, ya taka giya, firi ta samu nan take. Ya tayar, ta sake ɓuya. Ya ce wannan alama ce cewa haƙoran giya lafiya suke, kuloci ne ba ya sakin inji gaba ɗaya. Sannan ya juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, yana taɓa hannun kuloci: a gefe ɗaya ya yi tauri, a ɗayan ya saki. Ya bi wayar da yatsa har bayan fitila, inda ya tarar ta lanƙwashe. Tsohuwar waya an yi ta ne daidai da gajeren kai. Da ta kasa isa, yaron ya karkatar da ita ta wata hanya, ya kuma sassauta notin daidaitawa. Saboda haka rabin matsawar hannu a lanƙwasar take ƙarewa, faya-fayan kuloci ba sa rabuwa sosai, giya kuma ba ta shiga da sauƙi muddin inji na jan ta.

Ya sa doguwar waya, ya bi da ita inda ba ta gogar komai, ya ɗiga mata mai, ya bar wa hannun ɗan wasa na kamar milimita 10 zuwa 20 a bakinsa. Ya gargaɗe shi cewa idan aka ɗaure ta tamau, wata cutar za ta zo: inji ya yi ta kuka babur ba ya ja, faya-fayan su ƙone. Aikin bai kai rabin sa'a ba.

Giya, kuloci da firi duk kalmomin aro ne, amma da Hausa tsantsa dattijon ya gano ciwon: giya ta cije, waya ta shaƙe, kuloci bai saki ba. Da mai babur ya tambayi abin da zai biya, sai ya ce kuɗin waya kawai, ya ƙara da cewa a turo masa yaron nan da ya ɗaura kan, yana da abin da zai nuna masa.