Yaron da Ya Fara, Bari Ya Gama

A kudancin Aljeriya, cikin ƙasar duwatsun Ahaggar, akwai wani gari da ake kira Abalessa. Yana wajen kilomita 80 yamma da Tamanrasat, birnin da Hausawan Nijar suka daɗe suna zuwa fatauci da neman aiki ta hanyar Agadas da Arlit. An san Abalessa domin kabarin Tin Hinan, matar da Abzinawan Ahaggar suke ɗauka uwar kakanninsu. Turawa sun tone kabarin a 1925, aka kai ƙasusuwan gidan tarihi na Bardo a Aljiyas. Baƙi sukan zo kallon kabarin su koma. Amma iyayen garin suna da wata damuwa irin ta iyayen Zariya da Maraɗi, wato ko yaron da aka sa makaranta yana ɗan shekara 6 zai kai aji na ƙarshe ya fito da takardarsa a hannu.

Sa'ad da Aljeriya ta sami mulkin kai daga Faransa a 1962, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta ba su iya karatu da rubutu ba. A 1976 gwamnati ta mai da karatun shekara 9 kyauta kuma dole. Dokar ilmi ta 2008 ta ce kowane yaro, mace ko namiji, sai ya zauna makaranta daga shekara 6 zuwa 16. Yaro yakan yi shekara 5 a firamare, ya yi 4 a makarantar midil, ya rubuta jarrabawar BEM. In ya ci, sai ya yi 3 a babbar sakandare, kana ya zauna jarrabawar bakaloriya, wadda suke kira bak. Ita ce ke buɗe ƙofar jami'a. Bisa ƙa'ida ana neman maki 10 cikin 20.

A lura da inda dokar ta tsaya. Ta riƙe yaro har shekara 16, ta sake shi daidai lokacin da shekarun nan 3 na ƙarshe suke gabansa. Haka abin yake a Nijeriya: dokar UBE ta 2004 ta ba da karatu kyauta na shekara 9, daga aji 1 na firamare zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare. Daga nan kuwa sauran tafiyar tana hannun iyaye da jihohi da shi kansa yaron. A wannan gaɓa ce ake yawan rasa yara, gama a lokacin ne yaro ya yi ƙarfin da zai iya neman kuɗi, yarinya kuma masu neman aure sun fara sallama a ƙofar gidansu.

Abu na fari da ke janye yaro shi ne nisa. A ƙasar Abalessa mutane suna zaune a warwatse, waɗansu a garuruwa irin su Silet, waɗansu a zango tare da raƙuma da awaki. Firamare ana iya gina ta kusa da kowane ƙauye, amma babbar sakandare tana bukatar malamin lissafi da na kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka sai a gari ake samunta. Gwamnatin Aljeriya ta bi wannan matsala da motocin ɗaukar 'yan makaranta, da ɗakunan kwana, da abincin rana. Tana kuma ba 'ya'yan matalauta kuɗin tallafi a farkon shekarar karatu, wanda aka ƙara daga dinari 3,000 zuwa 5,000 a 2019. Kuɗin ba yawa, amma yakan sayi jaka da littattafan rubutu da takalmi, abubuwan da rashinsu kan sa yaro ya ji kunyar shiga aji.

Na biyu shi ne harshe. Yaron Abzinawa yana jin Tamahak a gida, ya tarar da Larabci a aji, daga baya a ƙara masa Faransanci da Turanci. Ko da yake ƙasar ta amince da harshen Amazig a matsayin harshen ƙasa a 2002, ta kuma mai da shi na hukuma a 2016, yawancin darussa da Larabci ake yinsu. Ɗan Bahaushe a Katsina yana shan irin wannan da Turanci, na Maraɗi da Faransanci. Yaron da ya wuce aji 3 bai iya karanta layi ɗaya da ganewa ba, yakan yi ta bin 'yan'uwansa daga aji zuwa aji yana kwafar allo kawai. Ranar da ya daina zuwa sai a ce ya yi taurin kai, alhali kuwa ya daɗe da barin makaranta a zuciyarsa.

Na uku shi ne kuɗin da ake gani da ido. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a arewacin Nijar, ta biyun tana dab da iyakar Aljeriya. Samari dubbai suka kwarara can daga ƙasashe da yawa. Saurayi ɗan shekara 17 wanda ya ga tsaransa ya dawo da sabon babur, da wuya a shawo kansa da zancen takardar da sai bayan shekara 2 za ta fito. Ba a kan ba shi labarin waɗanda rami ya rufta da su ba, ko waɗanda suka dawo da bashi da ciwon ƙirji. A Kano da Zariya acaɓa da A Daidaita Sahu suna yin wannan aikin a hankali: yaro ya fara da Asabar, ya ƙara da Jumma'a, kafin a ankara zangon karatu ya wuce.

Game da 'yan mata kuwa, Aljeriya tana da abin koyi. Shekaru da yawa ke nan 'yan mata sun fi samari yawa cikin masu cin bak, sun kuma fi su yawa a jami'o'in ƙasar. Jikokin matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba su ne likitoci da alƙalai a yau. Wannan ya nuna yarinya ba ta kasa karatu, in an ba ta lokaci da hanya mai lafiya.

Maganar lafiya ita ce ciwon arewacin Nijeriya. Makarantar kwana maganin nisa ce, amma a can ta zama abin tsoro. A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, lokacin da suka taru domin jarrabawarsu ta ƙarshe. A Disamba 2020 aka kwashe yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara ta jihar Katsina. A Yuli 2021 aka ɗauke fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna. Uban da ya janye 'yarsa bayan waɗannan abubuwa ba za a ce maƙiyin ilmi ne ba. Tsaron makaranta hakki ne a wuyan hukuma, ba kuwa wani da zai ɗauke mata shi.

Duk da haka akwai aikin da ba sai an jira hukuma ba. A ƙauyukan kewayen Zariya, Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata, wadda ta taso da haɗin gwiwar malaman Jami'ar Ahmadu Bello da na wata jami'a a Amurka, ta yi fiye da shekara 15 tana bin wata hanya mai sauƙi. Ana tara 'yan mata ƙungiya-ƙungiya a wani gida da iyaye suka yarda da shi. Wata mace da ta girme su ta zauna da su, ta koya musu karatu da lissafi da zaman duniya, da Hausa. Ana taimakon iyaye da kuɗin makaranta, ana kuma shawara da masu unguwa da malaman addini tun kafin a fara. Asirin abin shi ne kowace yarinya tana da babban mutum guda wanda ya san sunanta, wanda zai tambaya in ba a gan ta ba. A 2020 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 500 domin shirin AGILE a jihohi 7, cikinsu har da Kano da Katsina da Kaduna, don gina azuzuwa da makewayi da tallafa wa iyayen 'yan mata.

Wusasa ta riga ta san amfanin wannan. Daga makarantar St. Bartholomew ta wannan ƙaramin gari Yakubu Gowon ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya zama shugaban ƙasa a 1966. A wannan shekara kuma Ishaya Audu, wanda shi ma ya yi karatu a can, ya zama ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Da an janye su a tsakiyar hanya, da ba wanda ya san abin da aka rasa.

Saboda haka bari kowace unguwa ta san yawan 'ya'yanta da ke aji 3 na ƙaramar sakandare, da sunayensu. Yaron da ya yi kwana 3 bai zo aji ba, malami ko maƙwabci ya je gidansu a makon nan, kada a bari sai ƙarshen zango. Ba a fafe gora ranar tafiya: kuɗin jarrabawar WAEC da NECO a fara tara su da adashe tun yaro yana aji 1 na babbar sakandare. Mai fitila da tebur ya buɗe zaurensa ga yara 5 da dare. Wanda ya gama sakandare ya ɗauki ƙane guda ya riƙa jin karatunsa. In mai neman aure ya zo, a ce masa ya jira jarrabawa ta wuce, gama mai so da gaskiya yana iya haƙurin shekara 2. Wadda kuma ta riga ta yi aure ko ta haihu, a bar mata ƙofar aji a buɗe, kada a yi mata dariya in ta dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a Abalessa ko a Zariya.