Kayan zaƙin yara: ki dawo da su kicin ɗinki

Uwargida, na san yadda ake yi. Yaro zai tafi Islamiyya, ya toge a bakin ƙofa yana matsar ƙwalla, sai ki miƙa masa ɗari biyu don a zauna lafiya. Kuɗin nan a shagon bakin layi suke ƙarewa: alewa, biskit, lemon roba. Mu kuma a asibiti sai a kawo mana ɗan shekara biyar haƙora duk sun ruɓe, uwa tana cewa tsutsa ce. Sukari ne da yake kwana a baki, ƙwayoyin cuta su mayar da shi tsami mai cin haƙori.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokalin shayi 12 na sukari a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya takan ɗauki wajen cokali 9. To ina ga ƙaramin yaro?

Ban ce ki hana ba, wanda aka hana a gida zai sha a maƙwabta. Ki riƙa yi masa da hannunki, tunda mu nan yankin Funtuwa da Malumfashi Allah ya hore mana kayan gona.

Ni dakuwa na fi yi. Ki soya aya sama-sama, ki soya gyaɗa ki murje ɓawon, ki daka kowanne daban har ya yi laushi. Inda aka saba zuba sukari, sai ki cire ƙwallon dabino, ki jiƙa shi ya yi taushi, ki tsane, ki haɗa su duka a turmi da ɗan gishiri da citta. Man gyaɗar ne zai kama ta, sai ki mulmula ƙanana. Biyu sun riƙe cikin yaro har a tashi daga makaranta. Amma don Allah ki zauna ki tsince gyaɗar. Wadda ta sha danshi a buhu bayan kaka takan yi fumfuna, fumfunar nan tana fitar da gubar da ake kira afulatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Duk wadda ta canza launi, ta yamushe ko take ɗaci, ki zubar. Kada ki ji asara.

Lokacin da dankali ya yi arha, ki dafa ki murƙushe, ki zuba kindirmo, zaƙinsa ya isa. Da mangwaro ko gwanda kuwa, ki niƙa da kindirmo ki ƙulla a leda, in an kawo wuta ya daskare. Ki dai tabbata madarar an tafasa ta kafin a kwantar.

Akwai abin da mata suke yawan faɗa mini: "Sista, ai na daina sukari, mazarƙwaila nake sa wa." Mazarƙwaila ruwan rake ce aka dafa har ta daskare, raken da kike gani a fadamun Danja. Ta fi ƙamshi, na yarda, amma haƙori bai san bambanci ba. Zuma ma cikin lissafin cokulan nan take, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, ko lasa. In akwai mai ciwon sukari a gidan, dabinon ma sai da awo.

Alkaki da dubulan da nakiya ba su da gyara, zaƙin shi ne su. Ki bar su ga ranar sallah da gara, a ci a ji daɗi.

A kunu da zoɓo kuma ki riƙa rage cokali ɗaya duk mako ba tare da kin sanar ba, harshe yana sabawa. Kayan zaƙin ki bayar bayan an ci abinci, maimakon yaro ya yini yana tsotsa. Da dare kuwa, in an wanke baki da buroshi da man goge baki, sai ruwa kawai har safe.