Rumbun Sautinmu

Mai sauraron wasan kwaikwayo a rediyo da kunne yake gani. Da ya ji carar zakara ya san gari ya waye, da ya ji ƙarar ƙyaure ya san wani ya shigo. Mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu irin waɗannan sautuka muke ɗauka da waya muna tarawa. Ɗaukar ba ta da wuya. Wuyar ita ce gano sautin da ake so a lokacin da ake buƙatarsa, domin lamba kawai waya ke sa wa abin da ta naɗa, lamba kuwa ba ta gaya wa kowa kukan jaki ne ko tashin babur.

Shi ya sa muka kafa wa kanmu dokar raɗa suna. Kowane sauti sai an rubuta abin da aka ji, da inda aka ji shi, da tsawonsa. Ba ma rubuta “ruwa” kawai, sai mu ce “ruwan sama, rufin kwano, mai ƙarfi, daƙiƙa 40”, don yayyafi a tsakar gida daban yake da ruwa a kan kwano. Daga nan sai a jefa shi gidansa: dabbobi, kasuwa, yanayi, cikin gida ko ababen hawa.

Mun kuma tsayar da kalma ɗaya ga abu ɗaya. Idan wani ya rubuta “babur” wani ya nemi “mashin”, kwamfuta ba za ta haɗa su ba. Haka ma ƙ da k baƙaƙe biyu ne a wurinta, mai neman “kofa” na iya tsallake “ƙofa”. Saboda haka muka yarda a bar lanƙwasa a sunayen fayil.

Kiɗa kuwa ta fuska biyu muke kasa shi: abin kiɗan, da halin da yake sa mutum. Kakaki da algaita na fada ne, kalangu na biki, sarewa ta kaɗaici. A gefen kowanne muna rubuta mai shi, da ko ya ba mu izini.

Wannan batu na izini a intanet muka ga muhimmancinsa. Shafin Freesound, wanda wata jami'a a Basalona ta ƙasar Sifen ta buɗe a 2005, kowane sauti a cikinsa yana ɗauke da sharaɗinsa, wasu sai an ambaci sunan wanda ya ɗauka. A 2018 kuma BBC ta saki sautuka sama da 16,000 don ilimi da bincike, amma mai son kasuwanci da su sai ya nemi lasisi. Sai dai da Turanci ake bincike a waɗannan rumbuna, kuma da wuya a yi dace da luguden daka ko kiran mai tallar fura. Waɗannan mu ne za mu ɗauka mu adana.

Muna ajiye komai a wuri biyu, kwamfutar makaranta da filashi, saboda waya na iya ɓata ko ta lalace. 'Yan aji shida na cikinmu sun kusa fita, kuma burinmu ɗan aji ɗaya da bai taɓa ganinmu ba ya buɗe rumbun nan, ya rubuta “luguden daka”, ya same shi nan take.