Wa Ya Tuna Da Dorugu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in tuna wa 'yan'uwa Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Baturen nan Barth mai yawon bincike. Tare suka ratsa Katsinan nan cikin 1853, suka kai Tumbutu, kana Ingila cikin 1855. Can ya zauna gun Schön, yana ba shi labaru da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Littafin, Magana Hausa, da sunan Schön ya fito, alhali yawancin Hausar daga bakin Dorugu take. Abin nan yakan tsaya mini a rai.

Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, Kano. An ce yana son tara tabarau ƙwarai. Ya rasu cikin 1912.

Naka,
Malamin makaranta,
Ƙofar Sauri, Katsina.