Daga Damagaram Zuwa Yamai: Neman Ɗakin Ɗalibi Mai Koyon Aikin Talabijin

Ina so in ba da labarin wata tafiya da na yi zuwa Yamai a watan Oktoba na shekarar 2024, domin na san akwai gidaje da yawa da za su yi irinta, in ba bana ba to baɗi. Ƙanina na raka, wanda ya samu bak, ya kuma samu shiga makarantar koyon aikin jarida da rediyo da talabijin, a sashen tsara shirye-shirye.

Ranar da yaron ya kawo wannan magana, mahaifinmu, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana limanci a unguwarmu, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya dube ni ya ce, "Yanzu duk karatun da ke duniya, sai na nuna fuska a akwati?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, tafsirin da ake kallo da azumi, akwai wanda ya riƙe kamara, akwai wanda ya gyara murya, kuma in ba su iya ba, karatun ba zai isa kunnen kowa ba." Ya yi murmushi, sa'an nan ya ce, "To, ka kai shi da ƙafarka. Kada ka dawo sai ka ga inda zai kwana, ka ga waɗanda zai zauna da su, ka kuma gano mini abin da za a koya masa." Da wannan amana muka kama hanya.

Tsakanin Damagaram da Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 900. Mun tashi kafin asuba, muka wuce Tasawa da Maraɗi da Madawa da Galmi, garin albasa, muka yi ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, ba mu shiga Yamai ba sai dare. Duk tsawon hanyar nan ƙanina yana nuna mini hoton wani ɗaki da wani dillali ya turo masa ta WhatsApp. Ɗaki ne fari fes, mai faɗi kamar zauren sarki, kuma kuɗinsa jaka 15 a wata. Na ce masa ya bari mu gani, domin gani ya kori ji.

Wanda bai san Yamai ba ya kamata ya fara sanin cewa kogin Kwara ya raba ta biyu. Yawancin ma'aikatu da kasuwanni suna gefe ɗaya, inda unguwannin Filato da Yantala da Bukoki da Lazare suke. Ɗaya gefen kuma shi ne Harobanda, inda Jami'ar Abdu Mumuni take, kuma a nan ɗalibai suka fi yawa, ɗakunan haya ma sun fi sauƙin kuɗi. Gadoji uku ne suka haɗa su: gadar Kennedy ta 1970, da gadar da Sin ta gina aka buɗe a 2011, da gadar Janar Seyni Kunce ta 2021. Makarantar da muka nufa tana gefen Yantala, kusa da kogi, ɗakin da ke cikin hoto kuwa yana can ƙetare.

Da safe dillalin ya zo ya ja mu. Muka haye gada, muka sauka daga taksi, muka bi wani lungu mai taɓo har muka isa wani gida mai ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, irin wanda ake kira silibatariyom. Da aka buɗe ƙofa, sai ga ɗakin da in an shimfiɗa katifa, da ƙyar za a samu wurin darduma. Ƙanina ya dubi waya, ya dubi ɗaki, ya rasa abin faɗa. Ni kuwa abin da ya ɗauki hankalina shi ne wani zane a jikin bango, daidai gwiwa, wanda farar ƙasar da aka shafa ba ta rufe ba. Na tambayi wata dattijuwa da ke wanki a tsakar gida, ta ce, "Ɗana, alamar ruwa ce." Ta tuna mana ambaliyar Satumban 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsa ya shiga unguwannin wannan gefe, ya raba dubban mutane da gidajensu. Muka yi mata godiya muka fita. Araha ba ta ado.

Kwana uku muka yi muna yawo, kuma a cikinsu ne na koyi kalmomin masu haya. Antire-kushe shi ne ɗaki guda, shiga ka kwanta. Shambur-salon shi ne ciki da falo. Kusan ko'ina sai da aka nemi mu biya kuɗin wata biyu ko uku a gaba, ban da ladan dillali. Na kuma gane cewa kuɗin da ake faɗa da baki ba shi ne kuɗin ɗaki ba. Sai an haɗa da na taksi ko kabu-kabu, zuwa da dawowa, a ninka da kwanakin wata. Da muka yi wannan lissafi a takarda, sai ga ɗakin jaka 15 na ƙetare ya fi na jaka 25 da ke kusa da makaranta tsada.

Kafin mu yanke shawara sai na ce mu fara zuwa makarantar, kuma daga baya na gode Allah da na yi haka, domin irin karatun shi ne ke nuna irin ɗakin da ya dace. Wannan makaranta tsohuwa ce. An kafa ta a 1977 a matsayin cibiyar horas da ma'aikatan watsa labarai, ta zama IFTIC a 1989, yanzu kuma ana kiranta ESSCOM. A ƙarƙashin wata itaciya muka samu wasu ɗalibai na shekarar ƙarshe, kuma su ne suka yi mini bayanin da na kai wa Malam.

Abu na farko da suka ce shi ne, wanda ya zo domin a ga fuskarsa ya ɓata hanya. A kan kowane mutum ɗaya da ake gani a gilashi akwai mutane da yawa a baya: mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar murya, mai haske, mai haɗa hotuna, da mai tsara shiri wanda ke zaune a ɗakin sarrafawa yana ba da umarnin wace kamara za a nuna. Karatun lisans shekara uku ne, kuma farkonsa ya fi kama da kowace makaranta: Faransanci, dabarun rubutu, tarihin kafofin watsa labarai, dokokin aikin jarida da ladubbansa. Shiri a takarda yake farawa. Sai ɗalibi ya rubuta abin da yake so ya nuna, da dalilinsa, da wanda zai yi magana, da mintin da kowane sashe zai ci, kafin a ba shi kamara.

Bayan haka ne ake shiga aikin hannu. Ana koyon bambancin hoton nesa, wanda ke nuna wuri, da na tsakiya, da na kusa, wanda ke nuna fuska ko hannu. Ana koyon cewa motsin da muke gani a talabijin hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ana nuna wa kamara farar takarda kafin a fara ɗauka, domin ta daidaita launi, kada farar riga ta fito shuɗiya. Akwai ƙa'idar da ta hana mai ɗauka ƙetare layin da ke tsakanin mutum biyu masu hira, domin in ya ƙetare, mai kallo zai ga kamar sun juya wa juna baya. Wani daga cikinsu ya ce mini murya ta fi hoto wuya, saboda mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, amma ba su haƙuri da maganar da ba a ji. Aiki mafi cin lokaci kuwa shi ne montaj, wato zama gaban kwamfuta ana tsince hotuna ana jera su. Rahoton minti uku yana iya cinye yini guda na ɗauka da dare guda na haɗawa. Kuma duk wannan aiki na ƙungiya ne, yau kai ne mai ba da umarni, gobe kai ne mai ɗaukar igiyar wuta a rana.

Da na ji haka sai na fahimci abin da za mu nema. Yaron da zai fita da asuba domin ya samu hasken safe, ya kuma dawo bayan isha daga montaj, ba ya bukatar gada tsakaninsa da makwancinsa. Wanda zai ajiye kwamfuta da na'urar adana hotuna yana bukatar ƙofar ƙarfe da maƙwabtan da suka san juna. Yana kuma bukatar ya san yadda ake raba kuɗin wuta, domin a gidan da kontar ɗaya ce ta kowa, rigimar ƙarshen wata ba ta ƙarewa, kuma mai kwamfuta ake fara zargi. Ga zafin Yamai na watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ɗakin kwano marar silin yake zama tanda, mutum da na'ura duk su galabaita.

A rana ta huɗu, bayan sallar la'asar a wani ƙaramin masallaci na Yantala, na gaisa da limamin na faɗa masa abin da ya kawo mu. Shi ya haɗa mu da wani dattijo, tsohon ma'aikaci, mai ɗaki biyu a wajen gidansa, ɗaya wani ɗalibin likitanci ne a ciki. Ɗakin ba sabo ba ne, amma yana kan tudu, yana da taga biyu da silin, famfo yana tsakar gida, makaranta kuma tafiyar ƙafa ce. Dattijon ya kafa sharaɗinsa: ana rufe ƙofar gida ƙarfe 11 na dare, in aiki zai tsare yaro to ya kira. Na ce, "Baba, wannan sharaɗi ko ba ka kafa ba, ni zan roƙa." Muka rubuta yarjejeniya, da adadin abin da muka biya, da abin da za a mayar in ya tashi, limamin ya sa hannu a matsayin shaida. Na koma da dare na sake duba unguwar, domin unguwa fuska biyu gare ta, ta rana da ta dare.

Ga masu ƴaƴa mata, yawanci gidan dangi ake sauke su, kuma hakan yana da kyau. Sai dai a yi magana a fili tun farko. A gaya wa masu gida cewa wannan karatu yana da fita wajen gari da dawowar dare, a san wanda zai riƙa ɗauko ta, a kuma daidaita aikin gida da lokacin karatu, kada zumunci ya ɓaci a kan abin da ba a faɗa ba. Mata sun yi fice a wannan fage. Aisha Maki, ƴar Damagaram, a wannan makaranta ta yi karatun fim na gaskiya, kuma fim ɗinta a kan garinmu, wanda ya fito a 2021, an nuna shi a ƙasashe da yawa.

Kafin in bar Yamai na kai ƙanina Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda, domin ya san sana'ar da ya shiga tana da magabata. Umaru Ganda shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu, a 1972. Talabijin kuwa a ƙasarmu da koyarwa ta fara, domin tun 1964 ake amfani da ita wajen karantar da yara a aji, kafin a buɗe Tele Sahel a 1979. Wannan magana ita ce ta fi daɗaɗa wa Malam rai da na koma gida. Ya ce ashe akwatin ma almajiri ne tun asali.

Sai dai ban ɓoye masa sauran gaskiya ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Takardar shaida ba ta ba da aiki da kanta. Gidajen talabijin sun ƙaru tun daga shekarun 2000, amma masu neman gurbi sun fi guraben yawa, kuma da yawa suna farawa ne da sitaj, wato aikin koyo, wanda ba lalle a biya su ba. Wasu suna ɗaukar wa ƙungiyoyin agaji shirye-shirye, wasu tallace-tallace, wasu bukukuwa da wa'azi, wasu kuma suna buɗe tasu tasha a intanet. Abin da mai ɗaukar aiki ke tambaya shi ne, "Nuna mini abin da ka yi." Saboda haka iyaye su sa kuɗin kwamfuta mai ƙarfi a cikin lissafi, yaro kuma ya adana kowane aiki da ya yi tun shekarar farko. Kada ya raina Hausarsa, ya kuma koyi Zabarmanci, domin mai iya yi wa manomi tambaya da harshensa ya fi wanda ke jiran tafinta.

Da ƙanina ya zo hutu, ya ɗauki wayata ya tsaya a kusurwar ɗakin Inna, ya durƙusa, ya ɗauki hoto. Sai ga ɗan ɗakin nan ya fito kamar fada. Ya ce, "Yaya, ka ga abin da dillali ya yi mana. Gilashi mai faɗin gani ne, a tsaya a lungu, a yi ƙasa da hannu." Malam yana zaune yana ji. Ya ce, "To, tun da ka san yadda ake yi, sai ka ji tsoron Allah kada ka yi wa mutane."

Shawarata ga iyaye ita ce, kada a biya kuɗin ɗaki a kan hoto, kada kuma a zaɓi karatu a kan abin da ake gani a gilashi. A je da ƙafa, a tambayi maƙwabta, a tambayi ɗaliban da suka riga shiga, a rubuta komai a takarda. Zuwa da kai ya fi saƙo. Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu a inda suke, Ya haɗa su da abokan zama na gari, Ya sa abin da suke koyo ya amfane su ya amfani jama'a.